Kalmar "yes" a bakin Basine: eh ce ko a'a?

Kawuna ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma ya daɗe yana saro yadi daga hannun wani Basine a Keqiao, wani yanki na birnin Shaoxing a lardin Zhejiang da ya yi suna wajen cinikin yadi. Kawu bai yi boko ba, ɗan Turancin da yake ji a kasuwa ya tsince shi. Ni kuwa tun da na gama jami'a na zama magatakardansa ƙarfi da yaji, duk saƙon da ya shigo ta WeChat sai an aiko yaro ya kira ni.

Wata shekara, ana saura 'yan makonni azumi, kaya suka yi nawa. An ba da kafin alƙalami, an cika ciko, amma shiru babu labarin kwantena. Kawu ya miƙo mini waya ya ce in tambayi mutumin. Na rubuta masa: "So you have not shipped the goods?" Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta dawo, kalma ɗaya tak: "Yes."

Na ɗago kai na ce, "Kawu, albishirinka. Ya ce sun turo."

Bai ce goro ba. Ya ci gaba da jan carbinsa, sannan ya ce, "Me ka tambaye shi?"

"Ce masa na yi, wato ba ku turo kayan ba ke nan?"

"Shi kuma ya ce me?"

"Ya ce eh."

"To ɗana, ai bai turo ba. Ka ce wa mutum ba ka yi ba, ya ce maka eh, kai kuma ka zo kana yi mini albishir?"

Na gyara zama na shiga karanto masa ƙa'idar Turanci, cewa a wannan harshe in an ce "yes" to abin ya faru, ko da da korewa aka yi tambayar. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Shi mutumin naka Bature ne?" Na sake rubuta tambayar dalla-dalla. Amsa ta zo cewa masaƙa ce ta yi jinkiri, ko lodi ba a yi ba. Kawu bai ƙara cewa uffan ba, ya dai karɓi wayarsa.

Tun ranar nake bibiyar wannan kalma. Haruffa uku ce, tana cikin na farkon da ake koya wa yaro a ajin Turanci, amma tana cikin waɗanda suka fi daɗewa suna kayar da Sinawa masu koyon harshen. Kuma ba wasa suke yi da koyon ba. A 2001, shekarar da Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kuma aka ba Beijing damar karɓar baƙuncin wasannin Olympics na 2008, ma'aikatar ilimin ƙasar ta ba da umarnin a fara koyar da Turanci tun daga aji uku na firamare. A jarrabawar shiga jami'a da suke kira gaokao, wadda ake yi a watan Yuni, harshen waje yana ɗauke da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna, kuma akasarin ɗalibai Turanci suke ɗauka. Mutum sai ya shafe shekara goma yana haddar nahawu, ya ci jarrabawa da kyau, ranar da ya zo magana da baƙo wannan 'yar kalma ta sa masa ƙafa.

Tushen abin yana darasin farko. Malama ta ɗaga alƙalami ta ce, "Is this a pen?" Yara su amsa baki ɗaya, "Yes, it is." A jerin sababbin kalmomi kuma an rubuta cewa "yes" ita ce kalmar Sinanci "shi", ko "shi de". To "shi" ɗin nan, wadda a rubuce take kama da tamu amma ba haka ake furta ta ba, aikatau ce, aikinta irin na "ne" da "ce" a Hausa. Ta dace da tambayar alƙalami, domin an tambayi ko abu kaza ne. Da zarar an bar irin wannan tambaya, sai ta kasa ɗaukar kayan da aka ɗora mata.

Gaskiyar magana ita ce Sinanci ba shi da kalma guda da ke tsayawa a matsayin "eh" ko'ina. Abin da Basine ke yi shi ne ya ɗauko aikatau ɗin da ke cikin tambayar ya mayar maka da shi. In aka ce masa "Ni lai ma?", wato za ka zo, sai ya ce "lai", zuwa, ko ya ce "bu lai", ba zuwa. In aka ce "Ni chi le ma?", wato ka ci abinci, amsa ita ce "chi le" ko "mei chi". Ga wani abin dariya a nan: chi ita ce ci a harshensu, kusan irin tamu, amma "ni" a wurinsu "kai" take nufi. Haɗuwar kama ce kawai, babu dangantaka. Akwai ma wani salon tambaya da ke shimfiɗa wa mutum amsoshin biyu a gabansa, "lai bu lai?", kamar ka ce zuwa ko ba zuwa, sai ya ɗauki ɗaya.

Wannan bai kamata ya zame wa Bahaushe baƙon abu ba. In ka leƙa shago ka ce "Akwai sukari?", mai shago ba ya wahalar da kansa da eh, cewa yake "Akwai" ko "Babu". Haka Basine yake cewa "you" ko "mei you". Bambancin shi ne mu a wasu wurare muke yin haka, su kuwa ko'ina. Shi ya sa ɗan kasuwar da ya taɓa shiga unguwar Xiaobei ta Guangzhou ko babbar kasuwar Yiwu zai gaya maka ya sha jin "have, have" da "no have" a bakin masu shago. Ba lalaci ne ya sa su faɗin haka ba, tsarin harshensu ne suka sa wa rigar Turanci. A Singafo ma, inda Sinawa suka fi yawa, in ka nemi alfarma amsar da za ka ji ita ce "can", kalma ɗaya, domin haka ake amsawa da keyi, wato zai yiwu, a Sinanci.

Bayan maimaita aikatau, suna da wasu 'yan kalmomi kowace da gonarta. Dui tana nufin daidai ne, abin da ka faɗa haka yake. Hao tana nufin to, da kyau, na yarda da shawarar. Xing da keyi suna nufin zai yiwu, an yarje. En kuwa gunaguni ne na cikin hanci, irin namu na "mm", wanda ke nuna ana jin ka. Duk waɗannan, ɗalibin da ya fito daga aji ɗaya yake zuba su cikin tukunya guda da aka rubuta wa "yes". Mai sauraro Bature ba shi da hanyar sanin wacce aka ɗebo masa.

Wadda ta kayar da ni a shagon Kawu ita ce dui, kuma a nan ne ƙullin yake.

In aka yi tambaya da korewa, akwai abu biyu da mai amsa zai iya fuskanta. Zai iya duban maganar mai tambaya ya ce ta yi daidai ko ba ta yi ba. Zai iya kuma ya kau da kai daga mai tambaya, ya dubi aikin kansa, ya ce an yi ko ba a yi ba. Sinanci hanyar farko yake bi. A ce wa Basine "Ni bu lai ma?", ba za ka zo ba, in ba zai zo ba sai ya ce "Dui, wo bu lai", daidai ne, ba zan zo ba. In zai zo sai ya ce "Bu, wo lai", a'a, zan zo. Hausa ma haka. "Ba ka ci abinci ba?" "Eh, ban ci ba." "A'a, na ci." Haka kuma Japanawa da mutanen Koriya suke yi. Turancin littafi kuwa hanya ta biyu ya ɗauka. Ba ruwansa da yadda ka tsara tambayarka. In an ci, "Yes, I have." In ba a ci ba, "No, I haven't." Ko ka ce "Have you eaten?" ko ka ce "Haven't you eaten?", amsar ba ta motsawa.

Saboda haka abokin cinikin Kawu bai yi ƙarya ba. Dui ya faɗa a zuciyarsa, yatsansa ya rubuta "yes". Kawu ya ji ta da kunnen Hausa, ya gane ta sarai. Da su biyu ne kaɗai suke magana da guntun Turancinsu, babu inda za a samu matsala, domin kuskurensu iri ɗaya ne, kuma kuskuren da bakin biyu suka yi tarayya a kansa ya zama yare. Ni da na shigo tsakani da ƙa'idar makaranta ni na ɓata lissafin. A ganina wannan shi ne abin da malaman Turanci ba su cika faɗa ba: haɗarin ya fi yawa in ɗaya ya ƙware ɗaya bai ƙware ba, ko kuma in kowa yana zaton ɗan'uwansa ya ƙware.

Wanda ya yi karatun zaure zai ce ai mun san wannan tun a nahawu, kuma ya yi gaskiya. Larabci ya raba gardamar da kalmomi biyu. Na'am tana gaskata maganar mai tambaya yadda ya faɗe ta, ko da tabbatarwa ko da korewa. Bala kuwa aikinta ta rushe korewar. A Suratul A'araf, aya ta 172, da aka tambayi zuriyar Adamu "Alastu bi rabbikum", ashe ba Ni ne Ubangijinku ba, amsar da suka bayar ita ce "bala". Malaman nahawu kan kawo wata magana da ake jingina wa Ibn Abbas, cewa da na'am suka ce da sun kafirta, domin da sun gaskata korewar ke nan. Dui ta Sinawa 'yar'uwar na'am ce. Faransanci yana da tasa bala ɗin, si, Jamusanci yana da doch.

Abin mamaki shi ne Turanci ma ya taɓa mallakar wannan rabo, kuma "yes" ita ce bala ɗinsa. Kafin wajen shekarar 1600, Ingilishi yana da kalmomi huɗu. In an yi tambaya ba korewa, a amsa da "yea" ko "nay". In an yi ta da korewa, a amsa da "yes" don rushe korewar, ko "no" don tabbatar da ita. Galibin masana suna ganin asalin "yes" daga tsohon Ingilishi ne, gese, wato "yea" da aka ƙara wa ƙarfi da wata kalma mai ma'anar "ya kasance haka". A farkon shekarun 1530 Thomas More ya caccaki William Tyndale, wanda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Ingilishi, a kan ya sa "no" a inda ya kamata ya sa "nay". Sai ga shi a rubutun da aka buga, More ɗin da kansa ya juya ƙa'idar da yake karewa. Daga baya "yea" da "nay" suka ja da baya, "yes" ta haɗiye aikin biyu. Wannan tarihi ne ya bar ta da halinta na yau: ko an tambaye ka da korewa, in ka furta ta tana jan magana zuwa ga tabbatarwa, domin aikin da aka haife ta da shi ke nan.

Malaman makarantun Sin sun san wannan rami, kuma suna da dabarar tsallake shi. Suna ce wa ɗalibai su manta da tambayar, su amsa bisa abin da ya faru, kuma su tabbata kai da jelar amsa sun daidaita: "yes" ba ta tafiya da "not". Har sukan koyar cewa a irin wannan wuri "Yes, I do" da bu ake fassara ta, wato a'a. Ka yi tunanin yaro ɗan shekara goma sha uku ana gaya masa cewa kalmar da ya haddace a matsayin eh, yau a'a take nufi. A takardar jarrabawa yana iya cin tambayar, domin yana da lokacin tunani. A waya da ƙarfe biyun dare, ana jiran amsa, harshen uwa ne ke riga fita.

Wata 'yar'uwar wannan matsala ita ce guntuwar tambayar da ake liƙawa a ƙarshen jimla. Basine yana da "dui ba" ko "shi bu shi", yana liƙa ta ko'ina ba tare da ta sauya ba, kamar yadda muke liƙa "ko?" ko "ko ba haka ba?". Turanci kuwa sai an juya ta daidai da aikatau da lokaci: "You came, didn't you?", "She won't come, will she?". Amsa ta biyun ita ce mai kamu. In ba za ta zo ba, "no" ake cewa, alhali zuciyar Basine da ta Bahaushe duk eh suke raya masa.

Don a yi adalci, su masu harshen ma ba su tsaya kan ƙa'idar ƙyam ba. A hira za ka ji an ce wa mutum "You're not coming?" ya ce "Yeah, I'm not." Za ka ji "yeah, no", musamman a bakin mutanen Ostareliya, wadda yawanci take nufin na ji ka, amma a'a. Abin da Bature ba ya yi shi ne ya jefo "yes" ita kaɗai ga tambaya mai korewa ya yi shiru. Ya san ba ta isa ba, sai ya ɗora mata jela.

Amsa tambaya kuma ɗaya ne kawai daga ayyukanta. In aka kira sunan mutum, ko aka ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya ce "Yes?" da murya mai hawa, wannan ita ce na'am ɗinmu ta amsa kira. Ma'aikacin banki ko mai shago ya dube ka ya ce "Yes?", yana nufin me ke tafe da kai. Ɗalibi Basine da ya san ta a matsayin amsa kaɗai yakan yi turus, yana mamakin me aka tambaya da har ake amsawa.

Sai ta sauraro, wadda ta fi jawo rigima a ciniki. Ana yi wa mutum bayani yana ta cewa "yes, yes, yes". A zuciyarsa en yake yi, ko dui dui dui da Sinawa kan jero da sauri, yana nuna yana biye. Mai bayanin ya tashi da imanin an amince da farashi da ranar kawo kaya. Mu ma muna da irinta. Wa bai san "to" ɗin Bahaushe ba? Akwai "to" ta yarda, akwai ta na ji, akwai ta je ka ka gani, kuma duk wanda ya girma a cikinmu yana rarrabe su ba tare da an koya masa ba. Da za mu fassara su duka da "yes", da an daɗe da yi mana tambarin marasa alkawari. A kan wannan sai a ƙara abin da Sinawa ke kira mianzi, fuska, wato mutuncin mutum a idon jama'a. Cewa a'a ƙiri-ƙiri yana iya zubar da fuskar mai roƙo, don haka akan ce kaolü kaolü, bari a yi tunani, ko bu tai fangbian, bai cika yin sauƙi ba, kwatankwacin namu na "bari mu gani" da "Allah Ya kai mu". A Sinanci kowa ya san an ƙi. In aka juye wannan ladabi cikin ƙaramin Turanci, abin da ke fitowa shi ne "yes, maybe, I will try", wanda baƙo ke ɗauka da zafinsa. Ban yarda da masu cewa wannan halin Sinawa ne su kaɗai ba. Baturen Ingila ma in ya ce maka "yes, but", abin da ya biyo bayan "but" shi ne maganar.

Wajen tayi kuwa abin juyawa yake. A al'adar Sin akwai keqi, wadda ta yi kama da karar da muke yi: a yi maka tayin shayi ka ce bu yong, ba sai an yi ba, mai gida ya nace, ka sake ƙi, sannan ka karɓa. Ɗalibin da ya sauka gidan Turawa a Ingila ya ce "no" yana jiran a nace, sai ya ga an ɗauke butar shayi. In kuma ya koyi darasi ya ce "yes" tsurarta, sai a ji ta da gautsi, domin a wurin tayi "yes, please" ake cewa, kishiyarta kuma "no, thank you". Wasu kan so su ƙara wa amsarsu armashi su ce "yes, of course", suna fassara dangran. Ga roƙon alfarma wannan daidai ne. Amma a tambayi mutum ko ya san hanyar tasha ya ce "of course", sai ta yi kama da ya ce wannan ma abin tambaya ne?

Akwai kuma "Do you mind?". Ma'anarta ita ce zai dame ka, don haka mai ba da izini "no" yake cewa, ko "not at all". Sinanci yana da jieyi mai wannan ma'ana, kuma bu jieyi suke amsawa, ke nan a nan tsarin harsunan biyu ya zo ɗaya. Duk da haka ɗalibai suna faɗawa ramin, domin kunne roƙo ya ji, zuciya kuma ta riga ta ce hao.

Furucin ma da nasa. Gaɓar Sinancin Mandarin da wasali take ƙarewa, ko da n, ko ng, sai ɗan r nan da can. Babu gaɓar da ke ƙarewa da s. Don haka mai koyo yakan ƙara mata wasali ta koma gaɓa biyu, ye da si, kamar yadda bakinmu ya mayar da wasu kalmomin Turawa burodi da asibiti. Ɗalibai kan rubuta haruffan Sinanci a ƙarƙashin kalmar Turanci don su tuna furucinta, kuma daga nan aka samu wani barkwanci da ya yaɗu a tsakaninsu. Si da wani karin sauti mutuwa take nufi. Sai "yes" ta zama ye si, kaka ya mutu, "bus" ta zama ba si, baba ya mutu, "nice" ta zama nai si, kaka mace ta mutu. Suka ce kafin ka iya Turanci dangi sun ƙare.

Batun karin sauti ya fi wannan zurfi. Mandarin yana da kari huɗu, kuma kari ne ke bambanta kalma da kalma: "ma" tana iya zama uwa, ko rama, ko doki, ko zagi. Mu da muke raba kukan yaro da kukar miya da murya kawai mun san wannan. Wanda ya tashi da irin wannan harshe yakan ɗauka kowace kalma da karinta aka halicce ta, sai ya liƙa wa "yes" kari guda mai faɗowa, ya riƙa amfani da shi ko'ina. A Turanci kuwa murya ba ta sauya kalmar, niyyar mai magana take sauyawa. In ta faɗo, an yanke magana. In ta hau, ana cewa ina jin ka, ci gaba. In aka ja ta, ta sauka ta sake ɗagowa, to akwai "amma" a bayanta ko da ba a furta ba. Wanda bai iya jin wannan ta ukun ba zai bar taro yana murna alhali an ƙi shawararsa.

Danginta ba su da wuya sosai, sai dai a san wurin kowace. "Yeah" da "yep" na hira ne tsakanin tsara, ba a rubuta su a takardar neman aiki. Samarin Sin ma sun ari ta farkon, suna cewa ye in ana ɗaukar hoto, da yatsu biyu a ɗage. "Yeah, right" gatse ce, kishiyar abin da ta faɗa take nufi. "Aye" ta rage a majalisar dokokin Birtaniya, kuma mun gaje ta, shi ya sa ake jin "the ayes have it" a majalisar tarayya a Abuja kafin a buga guduma. "Yea" da "nay" suna nan a ƙuri'ar majalisar dattawan Amurka. Kalmar takan zama suna, a ce "Is that a yes?", wato in ɗauka ka yarda ke nan. Daga nan aka samu "yes-man", ɗan amshin Shata. Sinawa suna kiran irin wannan mutum yingshengchong, tsutsa mai amsa murya, daga wani tsohon labarinsu na mutumin da tsutsa ta shiga cikinsa, duk abin da ya faɗa sai ta maimaita. Aka ba shi shawara ya riƙa karanto sunayen magunguna da ƙarfi. Ta yi ta amsawa, har ya zo kan wani suna ta yi tsit. Shi ya nema ya sha.

Inda rai ke kan layi, an daɗe da sallamar "yes" daga aiki. Matuƙin jirgin sama, ko Basine ne ko Bature, in yana magana da hasumiya "affirm" yake cewa don tabbatarwa, "negative" don korewa. "Roger" tana nufin saƙo ya iso, ba ta nufin an yarda. "Wilco" ita ce ke nufin za a aikata. Wato sun koma sun raba tukunyar gida-gida, kusan yadda Sinanci ya raba dui da en da hao tun asali.

Malaman da suka san aikinsu abu ɗaya suke nanata wa ɗalibi Basine: kada ya saki kalmar ita kaɗai. Ya ce "Yes, we shipped it" ko "No, we haven't shipped it", domin ko ya yi tuntuɓe a kai, jelar za ta cece shi. Wannan ma ai komawa ne ga abin da harshensa ya saba, maimaita aikatau. Mai tambaya ma da nasa rabon. Ni dai tun daga wancan azumi ban sake tura wa Keqiao tambaya mai korewa ba. Salonsu na ara, ina shimfiɗa masa amsoshin biyu: "Shipped or not shipped?" A watan jiya da na tura haka, amsa ta dawo, "Not shipped. Thursday." Na karanta wa Kawu. Ya ce in tambaye shi wace Alhamis.